Ra'ayi: Gayyar kwamfutocin CERN da allon da ba ya rufa wa kowa asiri

Da sanyin safiyar ranar 9 ga watan Nuwamba na 2017, wani babban bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashin titi a birnin Bolonya na ƙasar Italiya. Ruwa da laka suka kwarara cikin cibiyar CNAF, ɗaya daga cikin manyan rumbunan da ke ajiye bayanan binciken da ake yi a CERN. Ɗakunan wuta suka cika da ruwa, na'urorin da ke jere ƙasa-ƙasa suka jiƙe, har da wasu kaset-kaset na ajiya. Cibiyar ba ta koma aiki sosai ba sai a watannin farko na 2018. Duk da haka ɗalibin da ke Liyon ko Tokiyo yana rubuta kundin digirinsa da waɗannan bayanai bai ajiye alƙalami ba. Ayyukan da za su tafi Bolonya aka juya su zuwa wasu wurare, kuma ɗanyen bayanin da aka ɗauko daga na'urorin gwaji dama kwafi biyu ake yi masa, ɗaya a Jeneba, ɗaya a wata babbar cibiya.

Ƙarfin na'urorin ba shi ya tsaya mani a rai ba. Abin da na daɗe ina juyawa shi ne yadda cibiyoyi kusan 170, a ƙasashe fiye da 40, waɗanda ba shugaba ɗaya gare su ba, ba kuma baitulmali ɗaya ke biyan albashinsu ba, suka san abin da ya faru, suka san abin da ke cikin rumbun da ruwa ya ci, suka san wanda ke da sarari ya karɓi kayan. Amsar tana kan wani allo da dukansu suke kallo lokaci guda. A ganina wannan allon sa ido ya cancanci a yi magana a kansa fiye da yadda ake yi, domin ya warware matsalar da ta fi kimiyya tsufa: yadda za a tabbatar cewa wanda ya yi alkawari yana cikawa, alhali ba ka da ikon korarsa ko rage masa albashi.

Bari mu soma da abin da ya haifi buƙatar. Na'urar LHC zobe ce mai tsawon kilomita 27, a zurfin kimanin mita 100 ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan. A cikinta ake harba dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin furoton ta fuska biyu, su haɗu sau miliyan 40 a cikin daƙiƙa ɗaya. Manyan na'urori 4, wato ATLAS, CMS, ALICE da LHCb, su ke ɗaukar hoton tarkacen karon. Ba za a iya ajiye duka ba, don haka ana tankaɗe su nan take, a zubar da mafi yawa. A ATLAS da CMS abin da ke tsira bai wuce ƴan dubbai a daƙiƙa ba. Ko wannan ɗan abin da ya saura, idan aka tara shi shekara da shekaru, ya zama tsauni. Ragar kwamfutocin da ke sarrafa shi, wadda ake kira WLCG, tana da wurin ajiya na kimanin eksabait 1.5 da ƙwaƙwalen lissafi kimanin miliyan 1.4, tana kuma kammala ayyuka sama da miliyan 2 a kowace rana. In aka ce a zuba eksabait 1.5 cikin wayoyin salula masu jigabait 64, sai an nemo wayoyi kusan miliyan 23, adadin da bai yi nisa da yawan al'ummar ƙasarmu ba.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana a gina ƙaton gida ɗaya a Jeneba a zuba kome a ciki? Dalilin farko siyasa ce da kuɗi. Ministan kowace ƙasa ya fi son ya sayi na'ura ya girke ta a jami'ar ƙasarsa, ƴan ƙasarsa su koyi aikin, da ya ɗauki kuɗin ya aika waje. Masu tsara aikin, tun ƙarshen shekarun 1990, sun karɓi wannan hali yadda yake, suka gina tsari a kansa. CERN ita ce mataki na 0, inda bayani ke fitowa. A mataki na 1 akwai manyan cibiyoyi goma sha wani abu, irin su Karlsruhe a Jamus, Liyon a Faransa, Bolonya, Fermilab da Brookhaven a Amurka, TRIUMF a Kanada, KISTI a Koriya ta Kudu. Sauran, galibinsu jami'o'i, suna mataki na 2. Gayya ce dai irin wadda muka sani: kowa ya zo da hauyarsa, gonar ɗaya ce. Sai dai a gayyarmu mai gona yana tsaye yana ganin wanda ya duƙa da wanda ya koma gindin gawo. A nan kuwa gonar ta ratsa nahiyoyi, wani na kwanciya wani na tashi.

Sunan da masana irin su Ian Foster da Carl Kesselman suka ba wannan tsari, daga layin rarraba wutar lantarki suka aro shi. Manufarsu ita ce ka jona ka samu ƙarfin lissafi ba tare da ka tambayi daga ina ya fito ba, kamar yadda mutum ke kunna fitila. Mu da muka ga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, mun san cewa wannan rashin tambaya gata ne na wanda wutarsa ba ta yankewa. Wani dole ya zauna yana tambaya a madadin kowa, dare da rana. Aikin masu sa ido ke nan.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowace cibiya tana sa hannu kan yarjejeniya, ta kuma bayyana a kowace shekara yawan ƙarfin lissafi da wurin ajiya da za ta bayar. Yarjejeniyar ta ƙayyade har yawan lokacin da ake son cibiya ta kasance a tsaye: kashi 95 cikin 100 ga ƴan mataki na 2, har zuwa kashi 99 ga manyan a lokacin da LHC ke aiki. Idan aka auna da wata mai kwana 30, kashi 5 ɗin da aka yafe awa 36 ne kawai. Ba a tambayar cibiya ta kawo rahoton kanta. Wata manhaja ce ke aika mata ƙananan ayyukan gwaji a kai a kai: karɓi wannan aiki ka yi, ajiye mani wannan fayil, maido mani shi, goge shi. Idan ta yi, akwatinta a kan allo ya zama kore. Idan ta kasa, ya zama ja. A ƙarshen wata a haɗa lissafi, a fitar da jeri da sunan kowace cibiya da makinta, daga ƙaramar jami'a har CERN kanta.

Akwai wata dabara a cikin wannan lissafi da nake ganin ta fi sauran hikima. Ana ba kowace cibiya maki biyu. Na farko yana auna yawan lokacin da ta yi aiki, ba ruwansa da dalili. Na biyu yana cire lokacin da cibiyar ta sanar tun da wuri cewa za ta tsaya don gyara. Wato wanda ya ce "ranar Talata zan rufe daga safe zuwa azahar", ya rubuta a rajistar da kowa ke gani, ba a ɗora masa laifin waɗannan awoyi a maki na biyu. Wanda ya yi shiru na'urarsa ta mutu ba sanarwa, shi ake yankewa. Ba a hukunta lalacewa, tunda kowace na'ura tana lalacewa. Ɓoyewa ake hukuntawa. Da ƙaramar ƙa'ida irin wannan aka mayar da faɗin gaskiya abin riba ga mai faɗa, kuma duk wanda ya taɓa tsara aikinsa na yini bisa wutar da ba a gaya masa za ta tafi ba, ya san darajar wannan bambanci.

Wani hukuncin ma ba ya jiran mutum. A gwajin ATLAS akwai manhaja mai suna HammerCloud wadda ke aika ayyukan gwaji irin na ainihin masu bincike. Idan suka faɗi a jere a wata cibiya, sai a cire ta daga jerin masu karɓar aiki kai tsaye, ba taro ba kwamiti. Idan ta gyara, gwaji ya sake wucewa, a maido ta. Ba wanda zai ce an yi masa haka ne don ƙasarsa ƙarama ce, ko don shugabansa bai je gaisuwa ba. Matsalar da ke buƙatar hannun mutum kuma ana buɗe mata tikitin ƙorafi a wani tsari na bai ɗaya da cibiyar Karlsruhe ke riƙe da shi, da lokacin da aka buɗe, da wanda aka miƙa wa, da abin da ya amsa.

Labarin da na fi so a wannan fage shi ne na na'urar da ma'aikatan ke kira baƙin rami, suna kwatanta ta da abin nan na sararin samaniya mai haɗiye duk abin da ya matso shi. A ce cibiya tana da kwamfutoci 500, ɗaya daga ciki faifanta ya cika ko wani abu ya karye. Aiki na ƙwarai yana ɗaukar awoyi. Wannan gurguwar kuwa tana karɓar aiki, ya mutu cikin daƙiƙa kaɗan, ta ɗaga hannu ta ce na gama, a ba ni wani. Mai rabon aiki, da yake manhaja ce, sai ya ba ta. Cikin ɗan lokaci ta cinye ɗaruruwan ayyuka, alhali lafiyayyun ƴan uwanta suna kan na farko. Idan allonka yana ƙidaya ayyukan da aka karɓa aka sallama kawai, wannan na'ura ita ce gwarzuwar cibiyar, ita ta cancanci lambar yabo. Sai an ƙidaya waɗanda suka ƙare lafiya, an kuma duba tsawon lokacin da kowane ya ɗauka, sannan asirinta ke tonuwa. Shi ya sa yanzu kusan ba a aika aiki kai tsaye. Ana fara tura ɗan aike, ƙaramar manhaja da za ta sauka kan na'urar ta duba lafiyarta, in ta gamsu sannan ta janyo ainihin aikin. Ban san ofishin da ba shi da irin wannan baƙin rami mai ƙafa biyu ba, wanda teburinsa kullum a share yake domin takarda ba ta kwana gare shi, ba ta kuma taɓa fita da amsa.

Yanzu ga inda nake da ja. Idan aka ce sa ido kan ragar CERN, hoton da ya fi yawo shi ne na duniya tana juyawa a kan ƙaton allo, da ɗigo-ɗigo masu haske, da layuka suna tashi daga Jeneba zuwa Amurka da Asiya. A tsakiyar shekarun 2000 masana na Imperial College da ke Landan, ƙarƙashin shirin GridPP na Ingila, suka ƙera irin wannan taswira mai nuna tafiyar ayyuka a daidai lokacin da suke tafiya, aka riƙa nuna ta a wuraren baje koli. Daga baya aka yi wata a kan Google Earth. Gwajin ALICE kuma yana da taswirarsa a kan tsarin MonALISA, wanda jami'ar Caltech ta Amurka da abokan aikinta na Bukarest suka gina. Abin kallo ne, ban musa ba, kuma ya yi amfani: gani ya kori ji, ɗan majalisar da za a nemi ya amince da kasafi ya fi saurin fahimtar ɗigon ƙasarsa yana walƙiya da takarda mai shafi 80.

Amma injiniyan da aka tasa da ƙarfe 3 na dare ba duniya mai juyawa yake buɗewa ba. Jadawali yake buɗewa, mai muni, cike da lambobi: daga wace cibiya zuwa wace fayil ke ƙin wucewa, tun yaushe, wane saƙon kuskure ne ya fi yawa. Taswirar kwalliya ce a kan aikin da aka riga aka yi a ƙasa, na dubban ma'aunai da aka dasa a kowace na'ura da kowane layi, da yarjejeniyar da ta sa kowa ya amince a auna shi. Haɗarin shi ne baƙon da ya zo ziyara kwalliyar kaɗai yake gani, ita kuma yake komawa gida ya saya. Na taɓa shiga zauren wata ma'aikata inda aka kafe manyan alluna guda 4 a bango, da taswirar ƙasa da launuka masu kyau. Da na matsa kusa sai na ga kwanan watan da ke ƙasan allon ya kusa shekara. Na tambayi wani ma'aikaci, ya yi murmushi ya ce ai wanda ke shigar da lambobin da hannu an canza masa wurin aiki. Ana kunna allunan duk ranar da manyan baƙi za su zo.

Ja na biyu ya fi wannan nauyi. Kore ba ya nufin gaskiya, yana nufin abin da aka gwada ya wuce. Masu ragar sun koyi wannan da wahala. Cibiya tana iya cin ƙaramin gwaji ta faɗi a babban aiki, abin da ya tilasta wa kowane gwaji ya ƙera nasa ma'aunin da ya yi kama da aikinsa na yau da kullum. Fayil yana iya isa inda aka aika shi, allo ya ce ya isa, amma a hanya wani ɗan yanki ya sauya ba tare da wata ƙara ba. Saboda haka kowane fayil yana tafiya da lambar shaida da aka lissafa daga abin da ke cikinsa, a sake lissafawa a wurin sauka, in ba su dace ba a jefar a sake aikowa. Akwai kuma fayilolin da ke kwance a faifai amma rajista ba ta san da su ba, suna cin wuri a banza, da waɗanda rajista ta rantse suna nan alhali sun ɓace. Waɗannan ba taswira ke gano su ba, sai an zauna an gwada rajista da rumbu, layi bayan layi, kamar mai shago da ke ƙidayar kaya ƙarshen wata. Sannan ga matsalar yawan ƙararrawa. Idan kome yana ihu, kunne ya kan toshe, a daina kula har da ihun gaske. Cikin shekarun baya CERN ta tattara tarin allunanta da suka warwatse ta mayar da su kan tsari guda, da kayan aiki na kowa da kowa irin su Grafana, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne allunan sun yi yawa har sun soma rikita masu kallonsu.

Ja na uku: allon yana nuna waɗanda ke cikin gayyar kawai, ba ya faɗin dalilin da ya sa wani ya fita ko bai taɓa shiga ba. Bayan yaƙin Yukiren, majalisar ƙasashen CERN ta yanke cewa yarjejeniyar haɗin gwiwa da Rasha za ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba na 2024, abin da ya shafi ɗaruruwan masana da cibiyoyin da suka yi shekaru a cikin ragar, har da cibiyar Kurchatov ta Mosko wadda a lokacin take mataki na 1. An bar yarjejeniya da cibiyar ƙasa da ƙasa ta Dubna. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan hukunci, ni kuma abin da nake nunawa shi ne cewa ɗigon da ruwa ya kashe da ɗigon da siyasa ta kashe kamanninsu ɗaya a taswira. Haka a ƙarshen 2022, da tsadar makamashi ta matsa wa Turai, CERN ta tsayar da LHC makonni 2 kafin lokaci, ta kuma rage aikin 2023 da kashi 20 cikin 100. Layukan zane sun sauka, amma dalilin saukarsu a kasuwar iskar gas yake, ba a cikin wata na'ura ba.

Idan mai karatu ya buɗe ɗaya daga cikin waɗannan taswirori, domin wasunsu a buɗe suke ga kowa, idonsa zai sauka kan Afirka ko bai so ba. Turai cike take fal, Amurka ta Arewa da gabashin Asiya suna da rabonsu. A nahiyarmu ɗigon da ya daɗe yana haske shi ne na cibiyar CHPC da ke Cape Town, wadda ke yi wa ALICE da ATLAS aiki. Maroko ta shiga ATLAS tun 1996, ita ce ta farko a Afirka, Masar kuma tana cikin CMS. Daga Sahara zuwa gaɓar teku, yankinmu fili ne.

Na ji masu cewa abin kunya ne, ya kamata mu ma a ga ɗigonmu. Ban yarda da wannan gaggawa ba. Cibiyar mataki na 2 tana son wuta maras yankewa, da sanyaya ɗaki a garin da zafi ke haura maki 40 watanni a jere, da layin intanet mai faɗi da na ko-ta-kwana, da ma'aikatan da za su amsa tikiti a kan lokaci. Awa 36 a wata, ka tuna. Ƙasar da ta girke irin wannan cibiya don a ga sunanta, ba ta shirya waɗannan ba, allon ba zai rufa mata asiri ba, za ta sayi jan akwati ne da tsada. Wanda ke son kimiyyar kanta yana da ƙofofi masu sauƙi. Tun 2014 CERN ta buɗe shafin da take saka ainihin bayanan karon don kowa ya sauke ya yi nazari. Makarantar kimiyyar fizik ta Afirka, wadda aka soma a Afirka ta Kudu a 2010, ta zagaya Gana a 2012, Senegal a 2014, Ruwanda a 2016, Namibiya a 2018, kuma koyar da aiki da irin wannan raga yana cikin darussanta. Ɗalibin jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin fizik ɗan Tasawa, ba a rufe masa wannan hanya ba.

Abin da nake ganin ya fi dacewa mu ɗauko shi ne ɗabi'ar aunawa da bayyanawa, kuma muna da dalili na kusa. Ranar 14 ga Maris na 2024, wayoyin intanet 4 na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala, Nijar tana cikin waɗanda abin ya taɓa. A ina ƴan jarida suka samo zanen da ya nuna girman abin da lokacin da ya soma? A wajen Cloudflare da NetBlocks, masu kallonmu daga nesa. Na gode masu, amma abin dubawa ne a ce sai wani daga wata nahiya zai gaya maka irin zazzaɓin da ke jikinka.

Kayan da masu ragar CERN ke auna layukansu da su ba na sayarwa ba ne. Manhajar perfSONAR, wadda suke dasawa a cibiyoyinsu don auna saurin layi da yawan abin da ke zubewa a hanya, kyauta ce, kuma ƙaramar kwamfuta ta ishe ta. Grafana ma akwai ta kyauta. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa za su iya dasa irin wannan ma'auni kowace a harabarta, su riƙa gwada juna dare da rana, su gwada hanyar da ta haɗa su da sauran jami'o'in yankin ta ƙungiyar WACREN, a saka sakamakon a shafin da ɗalibi da malami da ɗan jarida za su iya buɗewa. Ɗaliban sashen kwamfuta su riƙe shi a matsayin aikin karatu. Wanda ya yi shekara biyu yana bin dalilin da ya sa layi tsakanin Maraɗi da Yamai ke zubar da saƙo da ƙarfe 9 na dare, ya koyi sana'ar da bankuna da kamfanonin sadarwa ke nema ido rufe, ita ce kuma sana'ar da za a buƙata ranar da ƙasa ta isa ta riƙe cibiya ta gaske.

Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Mazauna bakin kogi a Yamai sun san ma'anar a ce ruwa ya kai santimita 580 ko ya haura 620, sun san bambancin gargaɗi mai ruwan lemo da ja. Wannan lamba tana da daraja ne domin ana auna ta a wuri sananne, a kai a kai, ana kuma faɗinta ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Da a ce sai ranar da ruwa ya yi ƙasa ake sanarwa, da tuni an daina saurare.

Su can aikin ƙaruwa yake. Ana shirin ƙara wa LHC ƙarfi ta yadda wajajen 2030 za ta soma samar da bayanai da za su ninka na baya kusan sau 10. Don kada ranar ta zo masu ba shiri, a watan Fabrairu na 2024 suka yi atisaye na kusan makonni 2, suka cika layukansu da kaya da gangan har gudun ya haura terabit 2 a daƙiƙa, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na abin da suke hasashen za su buƙata. Manufar atisayen ita ce a matsa har wani abu ya karye, a ga inda ya karye. Sun samu wuraren, a manhajar jigilar fayiloli da rumbunan wasu cibiyoyi, har da gyaran da allunan sa idon kansu ke buƙata, suka rubuta suka gabatar a tarukansu a bainar jama'a.

A nan ne nake ganin wahalar take a wajenmu, ba a kuɗin na'ura ba. Idan jami'o'i 4 suka dasa ma'aunin da na ambata, watan farko allon zai yi ja fiye da kore, kuma sunan kowace yana rubuce kusa da akwatinta. Wani zai buga waya ya ce a sa wa shafin kalmar sirri har a gyara. Saboda haka kafin a sayi ko waya ɗaya, shugabannin jami'o'in su sa hannu kan takarda mai shafi ɗaya: abin da za a auna, sau nawa a yini, cewa tsayawar da aka sanar tun da wuri ba za a ƙidaya ta laifi ba, da cewa ba wanda ke da ikon rufe shafin shi kaɗai.